Suna na Arba'in da Biyu

Litinin, 5 ga Mayu, ƙarfe 4:30 na yamma

Yau an karɓe min mukullin ofis. Shekara goma sha ɗaya ina sakatariya a makarantar nan ta Mairi, ko fensir ban taɓa ɓatarwa ba, amma yau shugabarmu Madam Rose ta miƙo hannu ta ce, "Phoebe, ba ni mukulli, ki je ki huta sai kwamiti ya zauna ran ashirin da shida." Hutu wai! Wa ya ce mata na gaji?

Bari in rubuta yadda abin yake tun kaina bai juye ba. 'Yan aji shida da za su rubuta jarrabawar shiga sakandare su arba'in da ɗaya ne. Baba Yoila, tsohon mai buga mana takardu, shi ya ɗauko jerin sunayensu na bara ya gyara. Ni na duba, na fitar a takarda, Madam ta sa hannu, na tura fayil ɗin ta imel zuwa ofishin jarrabawa. Su da suka fitar da nasu, sai ga suna arba'in da biyu. Wasiƙarsu ta ce an ƙara suna bayan sa hannun shugaba, don a shigo da wata yarinya ta rubuta jarrabawa da sunan da ba nata ba. In kwamiti ya yarda da haka, kora ce, kuma babu makarantar da za ta ƙara kallona a garin nan.

Suna na arba'in da biyu ba zan rubuta shi ba. Sunan mahaifinta Manasse, mijina. Wasiƙar ta faɗi kalmar da ni ban taɓa faɗa ba tun Satumba.

Talata, 6 ga Mayu, ƙarfe 7:00 na safe

Na buɗe fayil ɗin a wayata. Arba'in da ɗaya.

Talata, ƙarfe 2:00 na rana

Na sake buɗewa. Arba'in da ɗaya. Na wanke kwanukan da na riga na wanke.

Laraba, 7 ga Mayu, ƙarfe 5:15 na yamma

Na hau keke mai ƙafa uku zuwa Ajilari, shagon buga takardu na ƙawata Munira. Tare muka koyi kwamfuta da ita, 'yar Kano ce, kuma in ta buɗe baki ko janareta sai ya yi shiru. Ta buɗe fayil ɗin a kwamfutarta, ta bi shi da yatsa a kan gilashi har sau biyu.

"Arba'in da ɗaya! To uban wa ya haifo ɗayan? Ke, share hawayen nan, kina jiƙa min takardun mutane."

Ta ce in buga sunan a wurin nema mu gani ko zai fito. Na ɗora yatsuna a kan haruffa, suka ƙi. Ta dube ni, ta janye kwamfutar, ba ta buga ba ita ma, ba ta kuma sake zancen ba.

Nan ta kira yayanta Malam Habib, mai koyar da kwamfuta. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Madam, wace manhaja kuke aiki da ita a makaranta, wace ce kuma tasu a ofishin jarrabawa?" Na ce ni dai tamu na sani. Ya ce to nan ne gizo ke saƙar. Wai manhajojin rubutu ba baki ɗaya suke ba. Abin da wannan ta adana, waccan takan buɗe shi a karkace, shi ya sa masu ƙera su kan haɗu a ɗaki ɗaya, kowa ya miƙa wa ɗan'uwansa fayil a ga inda za a saɓa. Ya ce mu ma za mu iya.

Munira ta ce, "Ran Asabar, a nan. Duk mai buga takarda a Maiduguri da ya taɓa cin ɗanwakena sai ya zo da kwamfutarsa."

Alhamis, 8 ga Mayu, ƙarfe 6:00 na yamma

Na haɗu da Baba Yoila a bakin Kasuwar Monday. Mutumin da ya koya min zaman ofis, mai ce min 'yata. Ya ganni sarai, ya tsallaka titi kamar ana binsa. To, Allah ya ba da sa'a.

Asabar, 10 ga Mayu, ƙarfe 5:40 na yamma

Kai, yau na ga mutane! Mutum tara, kwamfuta bakwai, manhaja iri biyar, duk a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar shagon Munira, an ja waya daga sola. Ana ta gaisuwar wushe-wushe irin ta Kanuri, ana jan benci. Pindar ɗan garinmu, mai buga takardun coci, ya zo da wata tsohuwar kwamfuta a cikin buhun shinkafa, Munira ta ce a fara yi mata addu'a kafin a kunna.

Malam Habib ya zana gidaje a babban kwali kamar na dara. A gefe sunan wanda ya adana fayil, a sama sunan wanda ya buɗe. Filash ɗaya, ɗan abin da ake zuba fayil a ciki, ke zagayawa ta hannun dama kamar kwanon goro. Ka buɗe, ka fitar a firinta, ka haɗa takardarka da ta mai fayil ɗin, ku ɗaga su tare a rana. In layi ya hau layi, a sa kore a gidanku. In ya kauce, a sa ja. Dabarar ɗagawa a rana tawa ce, Baba Yoila ya koya min tun ina sabuwa, Malam Habib ma ya ce ta fi saurin duba allo biyu.

Kowa ya kawo fayil ɗin da ya taɓa kunyata shi. Katin bikin da Munira ta buga ya fito a wurin Pindar da sunan ango a shafi na biyu shi kaɗai. Muka yi dariya har da riƙe ciki. Tsarin sujadar Pindar kuma ya rasa lambobin shafi a kwamfuta uku. Ashe duk shekarun nan muna zagin juna, "wane bai iya aiki ba," alhali manhajoji ne ba sa jin maganar juna.

Nawa fayil ɗin ya zaga kwamfuta bakwai. Kore bakwai. Arba'in da ɗaya a ko'ina.

Ban taɓa ƙin kore kamar yau ba.

Lahadi, 11 ga Mayu, ƙarfe 1:00 na rana

A coci matan zumunta sun gaishe ni da "Madam Phoebe." Tun Satumba haka suke kirana. Da ba haka suke kirana ba.

Talata, 13 ga Mayu, ƙarfe 4:00 na yamma

Munira, Allah ya bar mu tare! Ta ɗauki gorar kunun aya mai sanyi ta tafi ofishin jarrabawa wai gaisuwa, ta zauna wurin matar da ke karɓar fayil, suka yi hirar lalle da tsadar gawayi. Ta dawo ta kira ni tana haki.

"Ke, ashe ba buɗewa kawai suke yi ba! Duk fayil ɗin da ya shigo sai sun juya shi zuwa nasu tsarin, sun sake adanawa, sannan su buɗe su fitar. Hannu biyu yake bi, mu kuwa hannu ɗaya muka gwada!"

Malam Habib ya ce ranar Asabar mu ma hannu biyu za mu bi. Na dafa burabisko da miyar kuka, na ci har na ƙara. Manasse ya tsaya yana kallona, ya ce rabon da ya ga na ƙara abinci ya manta.

Alhamis, 15 ga Mayu, ƙarfe 9:00 na safe

Na goge yunifom ɗin da ke rataye a bayan ƙofa. Ba wani dalili.

Asabar, 17 ga Mayu, ƙarfe 6:10 na yamma

YA FITO! Ya fito, ya fito, na gode wa Ubangiji!

Bari in rubuta tun ban manta ba. Yau mutum goma sha huɗu ne, har da waɗanda ban sani ba, labarin kwali ya zaga gari. Dokar yau ita ce ka buɗe, ka juya fayil zuwa ɗaya tsarin, ka adana, ka miƙa wa na kusa da kai ya buɗe. Gidajen kwalin suka ninka, aka ƙara kwali na biyu. Rana kuwa kamar za ta dafa ƙwai a ka, ga shi ba ma son inuwa tunda da ranar muke aiki.

Zagaye na ɗaya kore, na biyu kore, na biyar kore. Har na fara tattara jakata. Sai aka zo kan tsohuwar kwamfutar Pindar, ta buhun shinkafa. Ya juya fayil ɗin, ya miƙa wa Munira, ta fitar. Na haɗa da tawa takardar, na ɗaga sama. Layi ya hau layi tun daga ɗaya har arba'in da ɗaya, sannan a can ƙasa, inda tawa take fili, ga wani layi baƙi ƙirin shi kaɗai.

Munira ta rangaɗa guɗa, wallahi sai da masu keke suka tsaya. Pindar ya rungume kwamfutarsa yana cewa, "Ku raina ta yanzu! Ku ƙara raina ta!" Malam Habib ya ce a natsu, abin da ya faru sau ɗaya bai zama hujja ba, a maimaita. Muka maimaita sau uku, da filash dabam, da firinta dabam. Sau uku yana fitowa. Ashe manhajar Pindar irin ta ofishin jarrabawa ce.

Sai Malam Habib ya koma kan fayil ɗina na asali, ya ja linzamin kwamfuta a ƙarƙashin sunan ƙarshe, inda babu komai. Wurin ya yi duhu, ga rubutu ya bayyana. Layin yana nan tun farko, an dai mayar da launinsa fari a kan farar takarda. Duk manhajojin suna barinsa fari. Ta Pindar ce in ta juya fayil take mance launin, ta mayar da shi baƙi. A makarantarmu 'ya'yan ma'aikata a ƙarshen jeri ake sa su, shi ya sa ba a ga giɓi a tsakiya ba.

Ni na sa jan da hannuna a kwali. Ban taɓa ganin ja mai kyau haka ba.

Na kalli sunan sosai. Wata takwas rabon da in gan shi a rubuce.

Lahadi, 18 ga Mayu, ƙarfe 3:00 na rana

Murna ta koma ciki. Manasse ya ji bayanina duka, sannan ya ce, "Phoebe, kin tabbatar sunan yana cikin fayil ɗin da kika tura. Yanzu in suka ce ke kika ɓoye shi da fari don Madam kada ta gani fa?"

Na yi masa tsawa, na ce shi kullum bakinsa ba ya faɗin alheri. Ya tashi ya fita. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushi.

Litinin, 19 ga Mayu, ƙarfe 11:00 na safe

Hannu biyu ne suka taɓa fayil ɗin nan. Ɗaya nawa ne.

Litinin, ƙarfe 5:00 na yamma

Mun rubuta wa masu ƙera manhajar rahoto. Malam Habib ya ce 'yan sa-kai ne a ƙasashe dabam-dabam, suna karɓar gyara daga kowa. Bai yarda mu tura musu sunayen yaran mutane ba, sai muka ƙirƙiro sabon fayil mai layi uku, na ukun fari, muka gwada ya yi irin halin, muka jera matakan ɗaya bayan ɗaya. Muka haɗa da matsalar katin biki da ta lambobin shafi. A ƙasa Munira ta sa aka rubuta, masu buga takardu na Maiduguri. Ta ce in ba su san garin ba su je su tambaya.

Laraba, 21 ga Mayu, ƙarfe 4:45 na yamma

Munira ta ce in kira sunan Baba Yoila a gaban kwamiti in huta. "Tsoho ko ba tsoho ba, shi zai ciyar da ku in an kore ki?" Na ce saura wata huɗu ya ajiye aiki bayan shekara talatin da takwas. Ta ce to ki jiƙa shekarunsa ki sha.

Na tafi har ƙofar gidansa. Na ga takalmansa a bakin ɗaki. Na juyo.

Me ya sa zai yi min haka? Shi ne fa ya riƙe ni a bakin asibiti ranar da na rasa yarinyata. Shi ne yake ajiye mata alewa a aljihun tebur.

Juma'a, 23 ga Mayu, ƙarfe 8:00 na safe

Ba zan kira sunansa ba. Zan nuna abin da muka gano, in ce ba ni ba ce, in tsaya a nan.

Asabar, 24 ga Mayu, ƙarfe 12:00 na rana

Zan kira.

Lahadi, 25 ga Mayu, ƙarfe 6:00 na yamma

Ban sani ba. Na goge kayan da zan sa gobe.

Litinin, 26 ga Mayu, ƙarfe 3:30 na yamma

Mukulli yana cikin jakata. Na taɓa shi sau ashirin a cikin keke. Yana nan!

Mun shiga ɗakin taro kamar masu kai lefe, Munira da kwali biyu a ka, Pindar da buhunsa, Malam Habib da firinta. 'Yan kwamiti mutum biyar, da wakilin ofishin jarrabawa, da Madam Rose. Baba Yoila yana gefe da littafin rubuta bayanin taro, bai ɗago ba.

Malam Habib bai yi dogon turanci ba. Ya ce wakilin ofishin ya zo da kansa ya buɗe fayil ɗin. Arba'in da ɗaya. Ya ce ya juya shi yadda suke yi a ofishinsu, ya fitar. Mutumin ya yi, na miƙa masa takardar Madam, na ce, "Ranka ya daɗe, haɗa su ka ɗaga a taga." Ya ɗaga. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "Ikon Allah. To mu, mutum nawa muka zarga a banza?" Daɗi ya kama ni har cikin ƙashi. Na kalli Madam Rose ido cikin ido, ban ƙifta ba.

Sai shugaban kwamiti ya yi tambayar da Manasse ya faɗa. "Mun gani, ba a ƙara suna bayan sa hannu ba. Amma wa ya mayar da shi fari? Don me?"

Munira tana taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na buɗe baki, ban san abin da zai fito ba. Sai na ji ƙarar kujera.

Baba Yoila ya miƙe, ya cire tabarau. Ya ce, "Ni ne. Yara uku suka fita daga ajin nan. Biyu iyayensu sun bar gari, na goge sunayensu. Da na zo kan ta ukun, na ɗora yatsa sau uku, hannuna ya ƙi. A zamanin tafireta, in za mu cire suna farin ruwa muke shafa masa. Ba ya fita a ido, amma in ka ɗaga takardar a rana yana nan. Sai na yi mata haka. Na ce ta zauna da 'yan ajinsu har su gama, ba wanda zai gani." Ya juyo gare ni. "Tun ranar da wasiƙa ta zo zuciyata ta faɗa min ni ne. Tsoro na ji. Na bar ki a rana sati uku, 'yata. Ki yafe min."

Na zo da faɗa a bakina, na tanade shi tun ranar Kasuwar Monday. Duk ya tafi. Na yi kuka a gaban kwamiti, da majina da komai, ban ji kunya ba. Munira mai cewa in jiƙa shekarunsa in sha, ita ta fi ni kuka.

An wanke ni a rubuce. Baba gargaɗi kawai aka yi masa. Wakilin ofishin ya roƙi Malam Habib mu zo da kwalinmu mu gwada musu duk fayilolin makarantu kafin jarrabawa. Madam Rose ta miƙo min mukulli ta ce, "Phoebe, kin san ba a son raina ba." Na ce, "Na sani, Madam," na karɓe abina.

Juma'a, 30 ga Mayu, ƙarfe 5:00 na yamma

Masu ƙera manhajar sun amsa! Sun gwada fayil ɗinmu mai layi uku, sun ga abin da muka gani, sun gyara, zai fito a sabon zubi. Sun ce a ci gaba da turo musu. Pindar ya fitar da amsar ya manna a jikin buhunsa. An tsayar da Asabar ɗin farko ta kowane wata, ƙarƙashin dalbejiya, kowa da fayil ɗinsa. Munira ta ce ɗanwake kuma kowa ya zo da nasa.

Malam Habib ya ce daga yanzu fari zai zauna fari a ko'ina. Na ce madalla, kuma da gaske nake. Amma a hanya na yi ta tunani. Wata takwas kowa na kewaye sunan nan don kada in ji ciwo, ni ma ina kewaye shi. A duk garin nan, manhaja mai kuskure ce kaɗai ta fito da shi fili.

Litinin, 2 ga Yuni, ƙarfe 10:20 na safe

Yau za a tura gyararren jeri. Baba Yoila ya ce bari ya fita ya ba ni wuri, na ce ya zauna.

Na ja linzami a ƙasa, na mayar da layin baƙi. Na fitar da takarda ɗaya mai suna arba'in da biyu, na naɗe ta a nan cikin littafin. Sannan na goge layin da hannuna, na duba sau biyu, na tura arba'in da ɗaya.

Lamba 42. Praise Manasse. Aji shida.

Baba ya jawo aljihun teburinsa, ya ɗauko alewa ɗaya da ta manne da ledarta, ya ajiye a gabana. Ya ce, "Sannu da aiki, Maman Praise."

Na ce, "Yauwa, Baba."